Magini da Kwarashi

Kwarashin ya suɓuce daga hannun tsohuwar, ya yi ƙara a kan siminti, ya gangara ƙarƙashin gado. Ba ta bi shi ko da ido ba. Ta ɗora hannayenta a cinya tana kallonsu, kamar kayan aro da aka dawo mata da su a lalace. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura, babban ɗan yatsan dama ya karkace ya ƙi komawa wurinsa.

Mijinta yana kan benci a bakin ƙofa, yana wasa wuƙar da ya riga ya wasa jiya. Magini ne. Ya daɗe da ajiye cokalin gini, amma sunan bai bar shi ba, har yaran layin da ba su taɓa ganin sa a kan tsani ba haka suke kiran sa. Mutum ne da ba ya son yawan magana, ba ya kuma son ganin abu a yashe a ƙasa.

"Ɗauki abinki mana," ya ce.

"Bar shi ya huta, Maigida. Ya gaji da ni."

A gefenta akwai gindin jaka, faɗinsa bai wuce faranti ba. Tun farkon wata take fama da shi.

Ya san abin da ke cin ta, ko da ba ta faɗa ba. A ƙarshen layinsu akwai wani tsohon shagon ajiyar kaya, inda matan unguwa ke haɗuwa duk ranar Alhamis. Rigunan sanyi na gwanjo suke sayowa, waɗanda asu ya huda ko wuyansu ya saki, su warware, su saƙa jakunkuna masu ratsi-ratsi da zaren, wani mai shago a cikin gari ya kwashe. Kujerun wurin kaɗan ne, masu son shiga kuwa sun fi kujerun yawa. Saboda haka aka yi doka: duk ƙarshen wata kowace mai kujera ta kawo jaka guda, saƙar hannunta. Wadda ta yi wata biyu a jere ba ta kawo ba, sai ta tashi ta ba wata wuri. Tsohuwarsa ce ta kafa dokar da bakinta, lokacin da yatsunta ke gudu kamar keken ɗinki. Watan jiya ba ta kai komai ba. Ga ƙarshen wannan watan kuma yana matsowa.

Ba abin da jakar ke kawowa ne ya dame ta ba. 'Ya'yansu suna aiko abin da ya ishe su daga garuruwan da aiki ya kai su. Kujerar ce. Tana bakin taga inda haske ya fi kyau, kuma ko tsohuwar ta makara ba wadda ke ɗosana jiki a kai. Tun daga Laraba take fara neman mayafin da za ta yafa. In ta dawo da yamma kuwa, baki cike da labari: wa ta haihu, wa ta ɓata da wa, wace yarinya ta kawo saƙa ta ce Inna duba mini. Sauran kwanakin mako, daga ita sai shi sai bango.

Magini ya ajiye wuƙar. Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya zura hannu ƙarƙashin gado ya lalubo kwarashin. Ya jujjuya shi. Ɗan ƙarfe ne da bai kai ƙusa babba ba, da ƙugiya a baki.

"Nuna mini," ya ce.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta yi dariyar da ta kwana biyu ba ta yi ba. "Maigida, wannan fa ba cokalin siminti ba ne."

"Abin da mace mai goyo take yi tana ta surutu, shi ne zai gagare ni?"

"Doka ta ce saƙar hannuna."

"Dokarku ce ta mata. Ni ba na wurin aka yi ta."

Sun yi ta ja-in-ja har rana ta karkata, daga ƙarshe suka raba aikin. In hantsi ya yi, ta jiƙa hannunta a ruwan ɗumi, yatsun sukan ɗan saki, ta iya zagaya jakar sau kaɗan kafin su sake ƙagewa. To, farin ratsi nata ne, siriri. Jan ratsi da shuɗi, masu faɗi, nasa ne. Ko ba komai, in an tambaya za ta ce hannunta na ciki, ba ta yi ƙarya ba.

Da warwara aka fara. Ta ba shi wata jar rigar sanyi mai huji a gwiwar hannu, ta nuna masa inda zai tsinke ɗinkin kafaɗa ya nemo bakin zare. Da ya ja, rigar ta fara narkewa layi bayan layi, zaren yana fitowa a nannaɗe kamar gashin ɗan rago. Wannan ya yi masa daɗi. Ya naɗe zaren a bayan kujera, ya tsoma shi a ruwa, ya rataye a igiyar shanya. Da ta ce a ɗaura masa ɗan abu mai nauyi a ƙasa don ya miƙe, sai ya tafi bayan gida ya ɗauko rabin bulo.

"Zaren za ka miƙar, ko rataye shi za ka yi ya mutu?" ta ce. "Sa masa ludayi."

Ya ajiye bulon, ya sa ludayi.

Saƙar kanta bai daɗe bai kama ta ba. Hannun da ya saba da awo ba ya ɓata lissafi. Ya zura ƙugiya, ya kamo zare, ya jawo, ya sake zurawa. Idanun saƙarsa suka jeru daidai wa daida, ba babba ba ƙarami. Ya gama jan ratsi, ta ɗora fari, ya ɗora shuɗi. Jakar ta fara tashi daga gindinta. Yakan ajiye ta a kan tebur, ya ja da baya ya rufe ido ɗaya, kamar yadda yake duba katanga.

Sai dai da ta kai tsawon tafin hannu biyu, abin da tsohuwar ke gudu ya fito fili. Inda hannunta ya bi, jakar ta buɗe, tana da taushi. Inda nasa ya bi, ta tsuke ta yi tauri kamar fata. Jakar ta yi ƙugu, ta koma kamar turmi.

"Ka matse ta," ta ce. "Warware."

"A warware me?"

"Duk naka. Daga jan farko."

Ya karɓi jakar ya ja jan ratsin da hannu biyu. Ko motsi bai yi ba. "Kin gani? Wannan ko ƙusa aka zuba ba za ta zube ba."

"Ba buhun ƙusa aka ce ka yi ba. Jaka ce."

"Tun da nake ban taɓa rushe katangar da na ɗora ba."

"To yau ka fara."

Ya miƙe, ya zura takalmi, ya fita. Ya bi layin har ƙarshe, ya karya kwana, ya wuce gidan sama mai baranda wanda shi ya fitar da harsashinsa, ya wuce katangar makaranta wadda ruwa ya yi shekaru yana duka ba ta tsage ba. Ya tsaya ya dafa ta. Can ya tuna yadda yakan sa ƙafa ya ture layin bulo in sabon yaro ya ɗora a karkace, ba tare da ya yi masa bayani ba. A lokacin bai taɓa duban fuskar yaron ba.

Da ya dawo ya tarar ta kishingiɗa, ta juya wa ƙofa baya. Ya ɗauki jakar, ya zare kwarashin, ya ja zare. Aikin da ya ci masa kwanaki ya zube cikin lokacin da bai kai na shan ruwa ba. Ya naɗe ja daban, shuɗi daban, nata farin ma ya naɗe shi a hankali.

Washegari ta zauna kusa da shi tana kallon fuskarsa, ba hannunsa ba.

"Na gano ciwon," ta ce. "Da haƙoranka a cije kake saƙa. Wanda ya cije baki, hannunsa ma a cije yake. Kana tsammanin surutun da muke yi na banza ne? Yi magana."

"Ba ni da abin faɗa."

"Gidan nan mai baranda, yaya aka yi matakalarsa ta juya hagu?"

Sai ya ce mai gidan ne ya canza ra'ayi bayan an zuba kankare. Ta ce to sai aka yi yaya. Ya faɗa mata. Daga nan ya shiga labarin rijiyar da suka tarar a ƙarƙashin wani fili, da na leburan da ya yi barci a cikin tankin ruwa har aka kusa rufe shi. Sun tsufa tare a ɗaki ɗaya, amma yawancin labaran nan ranar ta fara jin su. Tana saurare, idonta na kan zaren. Zaren ya daina matsewa a kan ƙugiya. Jan ratsin ya fito da taushi, faɗinsa ɗaya da fari.

"Ci gaba," ta ce duk lokacin da ya yi shiru. "Hannunka ya fara cijewa."

Abu ɗaya ne ya ƙi. Zaren tsohuwar riga ba ya da tsawo, yakan tsinke inda asu ya ci, ga kuma canjin launi a kowane ratsi, don haka ƙulli ya yi yawa. Matan shagon duk a gefe ɗaya suke tara ƙullin, su jera shi daga ƙasa har sama, a ɓoye a inda jaka ke naɗewa. Haka ta koya musu, haka kuma ta ce ya yi.

"A'a," ya ce. "Ba a ɗora haɗin bulo a kan haɗin bulo. Nan ne gini ke tsagewa."

"Saƙa ce, Maigida."

"Nauyi ɗaya ne."

Duk inda zai canza launi sai ya gusa gaba kaɗan daga haɗin da ke ƙasa. Ƙullin ya warwatsu a cikin jakar, daga waje kuma ya bar wata 'yar alama da ke hawa a karkace kamar matakala. Ta duba, ta shafa da bayan hannu, ta taɓe baki. Ba ta ce a warware ba.

Ranar Alhamis ɗin ƙarshen wata ya sa rigarsa mai kyau, ya ce zai raka ta saboda kwatar da aka haƙa a hanya. Ta san babu wata kwata da za ta gagare ta, amma ta ba shi jakar ya riƙe. A ƙofar shagon ya miƙa mata, ya tsaya daga waje, ya jingina da bango inda zai iya ganin ciki.

Matan sun cika wurin, kowace da dunƙulen zare a cinya. A can baya wasu 'yan mata uku suna tsaye, masu jiran kujera. Shugabar ƙungiyar tana gaban tebur, mace mai jiki, da tef ɗin awo a wuya wanda ko biki za ta ba ta cire shi. Mai Awo ake ce mata. Tsohuwar ce ta fara ɗora mata kwarashi a hannu tun tana amarya, amma in ana karɓar jaka ba ta san kowa ba.

Yadda take yi ke nan: ta zuba kwalaben ruwa a jaka, ta rataye a ƙusa, ta auna ta ga ko hannun jakar ya miƙe ko gindin ya zazzago. Sannan ta juya cikin waje. Jakar wata ta zazzago, aka mayar mata. Ta wata ta wuce. Aka zo kan ta tsohuwar.

Mai Awo ta rataye ta. Jakar ta tsaya cak, ja da fari da shuɗi, bakinta da gindinta faɗi ɗaya. Magini ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Mai Awo ta sauke, ta juya cikin, ta kai hannu gefen da ƙulli ke zama. Ba ta samu ba. Ta bi da yatsa, ta samu ɗaya nan, ɗaya can. Ta daɗe tana juya jakar.

"Inna, wannan sabon salo ne?"

"Tsufa ne," in ji tsohuwar. "Yana sa mutum ƙirƙire-ƙirƙire."

"Ya yi kyau. Gefen nan da ke yawan ɓalle mana, a nan babu shi." Ta ɗauko kwarashi da zare kala biyu daga kan tebur ta miƙa mata. "Nuna musu yadda kika gusa haɗin. Ku matso ku gani."

Ko da gangan ta yi, ko da zuciya ɗaya, Magini bai iya karanta fuskarta ba. Matan suka ja kujeru suka kewaye bakin taga. 'Yan matan baya suka yi ɗage. Tsohuwar ta karɓi kwarashin. La'asar ta yi, ba ruwan ɗumi, yatsun sun riga sun ƙage. Ta naɗa zare a ɗan yatsa, ya zame. Ta sake naɗawa. Ƙugiyar ta shiga ido, ta kasa fitowa. Wata ta sunkuyar da kai, wata ta fara gyaran ɗankwalin da bai kwance ba.

Magini ya san in ya yi shiru za ta iya cewa yau ciwon ne ya tashi, a bar maganar. Ya kuma san in ya buɗe baki doka ta hau kanta. Amma kallon da suke yi mata, irin wanda ake yi wa mara lafiya, shi ne ya kasa haɗiyewa. Ya cire takalmi ya shiga.

"Sannunku da aiki," ya ce. Ya tsaya a tsakiyarsu, tsayinsa ya kusa taɓa fanka. "Jan da shuɗin ni na saƙa. Farin nata ne. Haɗin kuma nawa ne, ita ba ta so ba."

Wata ta kama baki. Tsohuwar ta rufe ido.

"Baba, ka san dokar nan kuwa?" in ji Mai Awo.

"Na ji ta."

"Saƙar hannun mai kujera aka ce."

"Gidan sama mai baranda da ke bayan layin nan, wa ya gina?"

"Kai mana. Wa bai sani ba?"

"Bulo nawa na ɗora a ciki? Saman gaba ɗaya ban taɓa siminti ba, bayana ya riga ya tafi. Ina ƙasa a tsaye. Wanda ya karkace in ce a rushe, wanda ya yi daidai in ce a ci gaba. Har yau ba wanda ya ce gidan yarana ne." Ya nuna jakar da haɓa. "Wannan na kai ta rabi, ta ce in warware. Na warware. Ita ta zaɓi launi, ita ta ce nan ya isa, ita ta san dalilin da hannuna ke matsewa. Ku da kuke zaune, akwai wadda ba ta taɓa sa ta warware ba?"

Wata daga gefe ta ce, "Ni har kuka ta sa ni," sai dariya ta ɗan ɓalle, ta kuma mutu.

Mai Awo ba ta yi dariya ba. Ta dubi 'yan matan da ke tsaye a baya, ta dubi kujerar bakin taga. Ta naɗe tef ɗinta a yatsa, ta warware.

"Inna, ke kika kafa dokar," ta ce. "Ke za ki faɗa. Jakar nan taki ce?"

Tsohuwar ta buɗe ido. Ta ajiye kwarashin a cinya, ta miƙa hannu aka ba ta jakar. Ta bi ratsin ɗaya bayan ɗaya da karkataccen yatsanta, ba gaggawa, kamar ba ta taɓa ganin su ba. A shuɗin ƙarshe, kusa da baki, ta tsaya.

"Nan ya yi shiru, hannunsa ya cije," ta ce. "Na gani, na ƙyale. Laifina ne, da na sa ya warware. Tawa ce."

Mai Awo ta karɓa ta duba wurin. Ta gyaɗa kai. Ta ɗora jakar a kan waɗanda suka wuce.

"Wata mai zuwa fa?"

"Sai na ga in leburana ya yi hankali."

Wannan karon dariyar ta cika shagon har da tafi. Magini bai motsa ba, fuskarsa kamar an zuba ta da kankare. Mai Awo ta jawo buhun rigunan da za a warware, rabon kujerar bakin taga, ta tura gabansa.

"To Baba, lebura shi ke ɗaukar kaya."

Ya saɓa buhun a kafaɗa ya fita. Ya jira ta a waje har aka tashi.

A hanya yana gaba tana baya, kamar kullum, sai dai ya rage sauri. Sun kusa gida kafin ta yi magana.

"Ka ji haushi, Maigida?"

Ya gyara zaman buhun. "Na yi lebura kafin in zama magini," ya ce. "Ban taɓa yarda na yi a ƙarƙashin wanda bai san aiki ba."

"Yanzu fa?"

"Har yanzu ban yi ba."